Yadda Za Ka Koyar da Hawa-Hawan Iskar Duniya da Igiya, Alli da Rediyo

Darasin iskar da ta lulluɓe duniya yana cikin darussan da ɗalibai ke haddacewa don jarrabawa, da an ajiye biro kuma ya bi ruwa. Ba laifinsu ba ne. Ana zuba musu sunaye biyar masu wuyar faɗa, kowanne da tarin lambobinsa, ba a gaya musu abin da ya sa aka raba iskar haka ba. Alhali dalilin guda ɗaya ne: zafi da sanyi. Idan ka tashi daga ƙasa ka yi sama, sanyi zai yi ta ƙaruwa, a wani wuri sai ya juya ya fara ɗumi, can gaba ya sake komawa sanyi, sannan ya juya zuwa zafi. Duk inda ma'aunin zafi ya juya, nan masana suka ja iyaka. Yaron da ya riƙe wannan, sunayen ba za su ba shi wahala ba.

Na rubuta wannan jagora ne domin malamin sakandare, da kuma iyayen da ke son nuna wa 'ya'yansu a gida. Ba sai da ɗakin gwaje-gwaje ba. Kusan kowane hawa yana da shaidar da ake gani ko ake ji daga ƙofar gida, kuma gani ya kori ji.

Mataki na ɗaya: haɗa kaya

Ka nemi igiya mai tsawon mita 6 da ɗan ɗoriya, tef ɗin tela, tsummoki huɗu masu launi daban-daban, alli, kofin gilashi, guntun kwali mai santsi da ya fi bakin kofin faɗi, gorar roba ta ruwan sha da murfinta, da rediyon da ke kama gajeren zango da matsakaicin zango. Irin rediyon da dattawa ke ratayawa ya wadatar, ya ma fi waya amfani a wannan aiki.

Mataki na biyu: tabbatar musu cewa iska tana da nauyi

Kada ka fara da sunaye. Yawancin yara suna ɗauka iska ba komai ba ce, wanda kuma bai yarda iska abu ce mai nauyi ba, ba zai gane yadda za ta yi hawa-hawa ba.

Cika kofin da ruwa har baki, ɗora kwalin a kai, danne shi da tafin hannu, ka kife kofin a kan baho, sannan ka janye hannunka a hankali. Kwalin zai tsaya, ruwan ba zai zuba ba. Bar su su yi ta hasashe tukuna kafin ka ba da amsa. Iskar da ke waje ce ke tura kwalin sama, kuma turinta ya fi nauyin ruwan da ke cikin kofin nesa ba kusa ba. A bakin teku, iska tana danna kowane murabba'in santimita ɗaya da nauyin kusan kilo 1. Masu hasashen yanayi suna rubuta wannan matsi da miliba 1,013.

Daga nan ka rubuta musu abin da iskar ta ƙunsa. A cikin kashi 100 na busasshiyar iska, naitirojin ce kashi 78, oksijin da muke shaƙa kashi 21, agon ƙasa da kashi 1 kaɗan, kabon dayoksaid kuwa wajen kashi 0.04 ce kacal. Sai tururin ruwa, wanda yawansa ke sauyawa: a watan Agusta yana da yawa, a Janairu kuwa leɓe da diddige suna ba da labarin ƙarancinsa.

Tunda iska tana da nauyi, ta ƙasa ce ke ɗauke da ta sama, shi ya sa ta ƙasa take a matse, ta sama take a sake. Idan akwai wanda zai yi tafiya zuwa Jos a cikin ajin ko a gidansu, ba shi gorar robar nan. Ya buɗe ta a Jos, babu ruwa a ciki, ya rufe murfin da kyau, kada ya sake buɗewa. Jos tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200 sama da teku. Da an sauko Hawan Kibo aka doshi Akwanga ko Lafiya, gorar za ta lotsa, domin iskar ƙasa ta fi wadda aka rufe a ciki matsi. Toshewar kunne da matafiya ke ji a wannan gangara, dalilinta ke nan.

Mataki na uku: auna igiyar

Ma'auninmu shi ne santimita 1 na igiya a matsayin kilomita 1 na sama. Ɗaura bakin igiyar a gindin bango ko a jikin turke, nan ne ƙasa. Bar ɗalibai su auna da kansu da tef, su ɗaura tsumma a santimita 17, a santimita 50, a santimita 85, sai na ƙarshe a mita 6. Su kuma ɗiga tawada a mita 1 daidai da kuma a mita 4, za mu dawo kansu.

Yanzu sunayen za su iya shigowa. Daga ƙasa zuwa tsumman farko, tirofosfiya. Daga nan zuwa na biyu, sitiratosfiya. Zuwa na uku, mesosfiya. Doguwar tazarar da ta kai mita 6, tamosfiya. Abin da ya wuce bakin igiyar, ekzosfiya.

Kafin ka wuce, tsaya a kan santimita 5 da ɗan ɗoriya na farko, ka sa kowa ya dube su. Duk garuruwan da ɗan'adam ke zaune a duniya suna cikin wannan ɗan yanki. La Rinconada ta ƙasar Peru, wadda ake lissafawa a matsayin gari mafi tudu, tana wajen mita 5,100. Dutsen Chappal Waddi da ke Taraba, mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, wato bai kai santimita biyu da rabi a igiyarmu ba. Ƙololuwar Everest, mita 8,849, ba ta cika santimita 9 ba. Rabin nauyin iskar duniya gaba ɗaya yana ƙasa da kilomita biyar da rabi, kashi 99 cikin 100 kuma yana ƙasa da wajen kilomita 30. Sauran igiyar duka, mita biyar da ɗoriya, kashi ɗaya ne ya bazu a cikinta. A ganina, ko wannan kaɗai yaro ya tafi da shi gida, darasin ya yi amfani: iskar da muke rayuwa da ita siririya ce ƙwarai, hayaƙin da muke zuba mata kuma ba shi da wani wuri mai faɗi da zai tafi.

Mataki na huɗu: zana layin zafi a allo

Ja layi a tsaye mai tsawon mita 1 a allo, da ma'auni iri ɗaya da na igiya. A ƙasansa ja wani a kwance, ka raba shi daga digiri 100 ƙasa da sifili a hagu zuwa digiri 40 a dama. Sa ɗigo huɗu: digiri 30 a ƙasa, 80 ƙasa da sifili a kilomita 17, kusan sifili a kilomita 50, sai 90 ƙasa da sifili a kilomita 85. Kira ɗalibi ya haɗa su da alli. Layin zai karkata hagu, ya dawo dama, ya koma hagu, daga nan ka ja shi dama har ya fita daga allo. Kada a goge wannan zane har a gama darasin. Duk tambayar da ta taso, a koma kansa.

Mataki na biyar: tirofosfiya, inda muke zaune

Nan za ka fi daɗewa, domin nan ne komai namu yake: gajimare, hadari, ƙanƙara, guguwa, hazo. Wajen kashi uku cikin huɗu na nauyin iska da kusan dukkan tururin ruwa suna cikin wannan hawa.

Tambayar da yara ke fara yi ita ce: in ana matsawa kusa da rana, me ya sa ake ƙara jin sanyi? Amsar tana ƙarƙashin ƙafarsu. Hasken rana yana ratsa iska ba tare da ya ɗumama ta sosai ba, sai ya sauka a ƙasa ya gasa ta, ƙasar ce kuma ke ɗumama iskar da ke kanta. Wanda ya taɓa taka rairayi ba takalmi da azahar a watan Afrilu ya san inda zafin yake taruwa. Iskar da ta yi zafi tana tashi, tana tashi matsi yana raguwa, sai ta buɗe, buɗewar kuma ita ke sanyaya ta. A matsakaicin lissafi, kowane kilomita 1 na hawa yana rage digiri 6.5.

Ba su lissafi su yi. Kano tana wajen mita 480 sama da teku, Jos wajen 1,200. Bambancin ya haura mita 700, wato digiri huɗu zuwa biyar, shi ya sa mutumin Kano ke neman rigar sanyi a Jos. Sannan su lissafa: in ƙasa tana digiri 30, a wane tsawo za a kai sifili? Za su samu wajen kilomita huɗu da rabi. Sama da nan ruwa yana iya daskarewa, ƙanƙarar da kan zubo a farkon damina ana tsakiyar zafi daga can take fitowa. Su ci gaba har kilomita 17, za su ga lissafinsu ya kai su digiri 80 ƙasa da sifili, daidai da ɗigon da ke allo. Yaro yana jin daɗi idan ya ga lambar da ya samo da hannunsa ta dace da ta masana.

A nan akwai gyaran da nake roƙon malamai su yi. Littattafai da yawa suna cewa tirofosfiya tana ƙarewa a kilomita 11 ko 12, suna kuma cewa jiragen fasinja a sitiratosfiya suke tafiya. Wannan lissafin ƙasashen Turai ne da makamantansu. Kaurin wannan hawa ba ɗaya ba ne a ko'ina: a ƙarshen duniya na arewa da na kudu wajen kilomita 8 ne, a ƙasashe masu zafi irin namu kuwa yana kai 16 zuwa 18, saboda zafin ƙasa yana tura iska sama da ƙarfi. Jirgin alhazai da ya tashi daga Kano ko Yamai yana tafiya ne a kilomita 10 zuwa 12, wato yana cikin tirofosfiya tsundum, hadarinmu kuma yana iya fin shi tsawo. Shi ya sa matuƙa suke kewaye babban hadari, ba sa ƙoƙarin bi ta kansa. A jarrabawa, yaro ya rubuta cewa tsawon yana tsakanin kilomita 8 da 18 gwargwadon wuri, ba wanda zai ci shi gyara.

Akwai abubuwa biyu da za ka aike su su kalla, kuma na farkon shi ne mabuɗin hawa na gaba.

A lokacin hunturu, su fito da sassafe bayan sallar asuba su dubi hayaƙin murhu ko na bola da aka ƙona. Za su ga bai tashi sama ba, ya kwanta a kan unguwa, ya miƙe a kwance daidai kan rufin gidaje da bishiyoyi, har mai wucewa yana jin ɗacinsa a maƙogwaro. Da dare ƙasa ta saki zafinta ta yi sanyi, ta sanyaya iskar da ke dab da ita, iska mai ɗumi ta zauna a sama. Mai sanyi ta fi nauyi, ba ta da dalilin tashi, hayaƙin ma sai ya maƙale tare da ita. Da hantsi ya yi, rana ta gasa ƙasa, sai ka ga ya watse. Su rubuta ƙa'idar a littafinsu: duk inda iska mai ɗumi ta hau kan mai sanyi, tashi ya tsaya.

Na biyu sai damina. Da la'asar, idan hadari ya haɗu daga gabas yana nesa, su dubi kansa. Gindinsa baƙi ne, jikinsa yana tumbatsa yana hawa fari fat, amma can ƙololuwa sai ya daina hawa, ya baje gefe da gefe, samansa ya yi sumul. Abin da ya tare shi, shi ne abin da ya tare hayaƙin asuba: ya iso inda iskar sama ta daina yin sanyi. Wannan bajajjen kai da suke gani da idonsu, rufin tirofosfiya ne, tsumman farko na igiyarmu. Su kalla daga bakin ƙofa ko taga, ba a fili ko gindin bishiya ba. In sun ga walƙiya su ƙirga daƙiƙoƙi har su ji tsawa, kowane daƙiƙa 3 kilomita 1 ne. In tazarar tana raguwa, kallo ya ƙare, a shiga ɗaki.

Ƙurar hunturu ma a wannan hawa take yawo. Kaso mai yawa nata yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta rufe mu da hazo, wata ma ta haye tekun Atlantika har Kudancin Amurka. Amma da ruwan farko ya sauka, sama ta wanke. Ka sa su riƙe wannan.

Mataki na shida: sitiratosfiya da ozon

Har ƙarshen ƙarni na 19 ana ɗauka sanyi yana ci gaba da ƙaruwa ne har iyakar iska. A 1902 Léon Teisserenc de Bort a Faransa da Richard Assmann a Jamus, kowanne a nasa ɓangaren, suka bayyana abin da balan-balan ɗinsu masu ɗauke da ma'auni suka nuna: a wani tsawo sanyin yana tsayawa. Har yau da irin waɗannan balan-balan ake auna sama. Tashoshin yanayi a faɗin duniya suna sakin su sau biyu a rana, suna hawa har wajen kilomita 30 kafin su fashe.

Me ke ɗumama wannan hawa? Ozon, wani nau'in oksijin mai ƙwayoyi uku maimakon biyu, wanda ya fi taruwa tsakanin kilomita 15 da 35. Yana shanye mafi yawan wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, mai ƙona fata, mai jawo yanar ido da sankarar fata, mai kuma cutar da tsirrai. Shanyewar nan ce ke zama ɗumi. Yawan ozon ɗin kuwa kaɗan ne ƙwarai: da za a tattaro shi duka a sauko da shi ƙasa inda iska ke da matsi, kaurinsa ba zai wuce milimita 3 ba. Nuna musu milimita 3 a jikin tef.

Tunda a nan ɗumi yana sama sanyi yana ƙasa, iska ba ta tashi ba ta sauka, babu hadari, babu ruwan da zai wanke komai. Abin da ya shiga yana daɗewa. Lokacin da dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta a 1991, ya cilla hayaƙin farar wuta har cikin sitiratosfiya, ya zagaye duniya, ya tare wani ɓangare na hasken rana, har zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri a shekarar da ta biyo. Su kwatanta da ƙurar hunturu da ruwa ɗaya ke saukarwa.

Haka ma sinadaran CFC da ake sawa a tsofaffin firji da na'urorin sanyaya ɗaki da gwangwanayen feshi. Suna hawa a hankali su isa can, rana ta farfasa su, kulorin da ke cikinsu ya dinga cinye ozon. A 1985 masanan Birtaniya da ke aiki a Antaktika suka ba da rahoton cewa ozon na raguwa sosai a saman yankin, a 1987 kuma aka sa hannu a yarjejeniyar Montreal ta daina amfani da waɗannan sinadarai. Dukkan ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya sun amince da ita, ozon kuma yana farfaɗowa sannu a hankali. Ana tuna wannan duk ranar 16 ga Satumba. Ka kula yara kada su haɗa wannan da ɗumamar yanayi, domin ana yawan cakuɗa su. Matsalar ozon a sitiratosfiya take, ɗumamar yanayi kuwa ta kabon dayoksaid da makamantanta ce da ke riƙe zafi a ƙasa.

Mataki na bakwai: mesosfiya

Ozon ya ragu ƙwarai, babu mai riƙe zafi sosai, sanyi ya dawo. A samanta, wajen kilomita 85, ake samun wuri mafi sanyi a duk iskar duniya. Ta fi ƙarfin balan-balan, ta kuma yi ƙasa da yawa ga tauraron ɗan'adam, shi ya sa ita ce hawan da aka fi ƙarancin aunawa.

Shaidarta ita ce hasken da kan gilma da dare mutane su ce tauraro ya faɗi. Ba tauraro ba ne. Ɓarɓashin dutse ne daga sararin samaniya, galibi bai wuce ƙwayar rairayi ko tsakuwa ba, yana shigowa da gudun kilomita gommai a daƙiƙa ɗaya, ya ci karo da iska ya ƙone. Daren 13 zuwa 14 ga Disamba yana cikin mafi kyawun dararen kallonsu a shekara, in hazo bai yi kauri ba kuma farin wata bai cika haske ba. A nemi wuri mai duhu nesa da fitilu, a kwanta a tabarma da bargo, a ajiye waya, a ba ido minti 20 ya saba da duhu. Akwai wani zubin a 12 zuwa 13 ga Agusta, amma a wajenmu gajimaren damina yakan rufe shi.

Mataki na takwas: tamosfiya, da aikin rediyo

Koma kan ɗigon tawada na mita 1. Wannan shi ne kilomita 100, layin Karman, inda aka saba cewa sararin samaniya ya fara. Iska ba ta ƙare a nan ba, yarjejeniya ce kawai ta lissafi.

A tamosfiya ƙwayoyin oksijin da naitirojin suna shan ɓangaren hasken rana mafi ƙarfi kai tsaye, zafinsu yana iya haura digiri 1,500 idan rana ta tsananta. Dole wani ya tambaya me ya sa 'yan sama jannati ba sa ƙonewa. Ka tuna musu tartsatsin da ke tashi daga murhu ya sauka a hannu: ya fi tafasasshen ruwa zafi sau da yawa, amma ƙanƙantarsa ta sa ba ya yin komai, alhali ludayi ɗaya na ruwan zafi yana saɓule fata. Ƙwayoyin iskar can suna da zafi, amma sun yi nesa da juna har ba su isa su ɗumama jiki ba.

Ɗigon mita 4 shi ne wurin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wajen kilomita 400. Tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaya duniya cikin kusan minti 90, kuma tun Nuwamba 2000 ba a taɓa rasa mutane a cikinta ba. Ana ganinta da ido bayan magariba ko kafin asuba, lokacin da ƙasa ta yi duhu amma rana na haska ta a can sama: haske fari mai ƙarfi, ba ya ƙyaftawa irin na jirgi, yana ratsa sama cikin 'yan mintuna. Akwai manhajojin waya da ke faɗin ranar da za ta bi ta kan garinku da ɓangaren da za ta ɓullo. 'Yar iskar da ke wurin tana rage mata gudu tana jawo ta ƙasa kaɗan-kaɗan, sai an riƙa kunna inji ana ɗaga ta. Wannan kaɗai ya isa hujjar cewa har can akwai iska.

Yanzu ɗauko rediyo. Daga wajen kilomita 60 zuwa sama, hasken rana yana fizge lantarki daga ƙwayoyin iska, sai yankin ya zama mai iya lanƙwasa igiyar rediyo ya dawo da ita ƙasa. Sunansa ayonosfiya. Ba hawa na shida ba ne, domin ba da zafi aka ware shi ba, ya ratsa saman mesosfiya ne da tamosfiya. Lokacin da Marconi, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro rediyo, ya aika saƙon rediyo ya haye Atlantika a 1901, an rasa yadda saƙon ya bi lanƙwasar duniya. A 1902 wasu masana biyu, Kennelly da Heaviside, suka ce lallai akwai wani abu a sama da ke dawo da shi, Edward Appleton ya tabbatar da haka da gwaji a 1924, aka ba shi kyautar Nobel a 1947. Duk wanda ya taɓa sauraron labarai da Hausa daga Landan ko Jamus ko Amurka a gajeren zango, ta wannan hanya muryar ta iso masa.

Aikin gida: su murɗa matsakaicin zango daga farko zuwa ƙarshe da ƙarfe 12 na rana, su ƙirga tashoshin da suka kama. Su sake da ƙarfe 9 na dare, a wuri ɗaya, nesa da janareto da cajar waya saboda ƙara. Da dare za su ji tashoshi sun ƙaru, wasu da harsunan da ba su sani ba, murya tana zuwa tana tafiya. Da rana ɓangaren ƙasa na ayonosfiya, wanda ake kira D, yana shanye waɗannan igiyoyi. Da rana ta faɗi sai ya ɓace, igiyoyin su isa ɓangarorin E da F na sama, su dawo ƙasa a wuri mai nisa. A gajeren zango kuma su lura cewa mita 16 da 19 sun fi kamawa da rana, mita 41 da 49 da dare, dalilin da ya sa gidajen rediyo ke sauya mita tsakanin shirin safe da na dare ke nan. FM kuwa ratsa ayonosfiya take yi ta wuce, shi ya sa da ka yi nisa da gari take ɗaukewa.

Mataki na tara: ekzosfiya, da tambayar da za ta zo

Bakin igiya ya ƙare, amma iska ba ta da katanga. Daga wajen kilomita 600, abin da ya rage galibi haidirojin ne da hiliyam, ƙwayoyinsu suna tafiya mai nisa ba su haɗu da juna ba, wasu su kuɓuce wa duniya gaba ɗaya. Ana kai iyakarta wajen kilomita 10,000, wato mita 100 a ma'auninmu. Fitar da su filin ƙwallo, ɗaya ya tsaya da igiyar a bakin raga, wani ya taka har ɗaya ragar. Taurarin ɗan'adam da dish ɗin talabijin ke kallo suna kilomita 35,786, sai a ƙara fili biyu da rabi kafin a isa wurinsu.

A nan ko kafin nan, wani ɗalibi zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, su ne sammai bakwai?" Kada ka yi masa tsawa, kada kuma ka ƙirƙiro hawa biyu don lissafi ya cika. Gaya masa gaskiya: waɗannan biyar rabo ne da mutane suka yi wa iska bisa abin da ma'aunin zafi ya nuna, da da wani ma'auni aka raba da adadin ya bambanta. Bayanin sammai kuwa ya kai wa malaminsa na tafsiri.

Wajen gwada fahimtarsu, goge sunayen ka bar layin zafin nan shi kaɗai a allo. Kira su ɗaya bayan ɗaya, ka ambaci abu, yaro ya ɗora yatsa inda yake, ya faɗi abin da ke ɗumama ko sanyaya wurin: ƙanƙara, jirgin alhazai, hayaƙin Pinatubo, hasken da ke gilmawa da dare, muryar gajeren zango. Wanda ya ɗora jirgin alhazai sama da kilomita 17, mayar da shi kan lissafin digiri 6.5 ya sake yi daga ƙasa.